Mai Ci wa Matattu

Padova, Oktoba

Zuwa ga Kawu Zamfir,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kana lafiya gwargwadon yadda mai zuwa wankin ƙoda sau uku a mako yake samun lafiya. Ni na iso Italiya. Na tarar tsohuwar da nake jinya ta ƙi cin abinci don na tafi, 'ya'yanta kuma suna hararata kamar ni na zaɓi ranar da Mama za ta rasu.

Ban yi maka godiya yadda ya kamata ba ranar jana'iza. Daga asibiti ka taho kai tsaye, da filasta a hannu, ka tsaya kusa da Fada ka rera mata waƙoƙin addu'a har aka rufe kabari. Kai da Mama kakanninku ne kawai 'yan'uwa, da ka zauna a gida ba mai ganin laifinka. Na gode.

Abin da ya sa na rubuto shi ne sadakar arba'in. Ba za su bar ni in zo ba. Gwaggo Tinka ta yarda za ta dafa koliva, alkama da zuma da gyaɗar bishiyar nan ta bayan gidanmu. Dafawa ba ta dame ni ba, masu ci ne damuwata. Rabin ƙauyenmu Arinoasa yana Italiya, rabi yana makabarta. Ka san imanin Mama: abin da mutum ya ci ya ce Allah ya karɓa shi ne yake isa wurin mamaci, wanda aka zuba wa kaji ba ya zuwa ko'ina. Ta yi rayuwarta tana ciyar da matattun wasu. Ka tsaya mini, Kawu, kada cokali ɗaya ya tafi juji.

Wayar gidan nan a ɗakin tsohuwa take, kai kuma ka ce ba ka hira da wanda ba ka ganin fuskarsa. Sai mu riƙa ba Kostel direba takarda in zai wuce da kaya. Akwai safa da garin kofi a ƙunshin, kofin na Tinka ne.

'Yarka,
Aglaya

*

Arinoasa, Nuwamba

Aglaya,

Na amsa gaisuwarki. Ina nan, injin asibiti yana yi mini aikin da ƙodata ta ajiye shekara bakwai da suka wuce, kuma ya fi ta zuwa aiki a kan lokaci. Safar ta yi mini daidai.

An yi sadakar mahaifiyarki Profira. Mu bakwai ne a cocin har da Fada, in aka haɗa haƙoranmu duka ba za su cika bakin mutum biyu ba. Tinka kuwa ta dafa na mutum talatin, don ita har yanzu hannunta a zamanin da ake rasa wurin tsayawa a coci yake. Kowa ya ɗanɗana ya ce Allah ya karɓa, aka bar faranti kamar ba a taɓa ba. Na ce mata, "Tinka, wa kika dafa wa wannan, rundunar soja?" Ta ce, "Kai dai rufe baki, ko ka buɗe shi ka ci." Na kwaso sauran zuwa gida, na yi mako ina ci, kowane cokali da addu'arsa. Ki kwantar da hankalinki, kaji ba su ga ko ƙwaya ba.

Labari ya bazu. Yanzu duk wanda ke Italiya ko Sifen yana da mamaci a nan, sai ya aiko wa Tinka ta dafa, ya ce a ba Zamfir saura, shi ba ya zubarwa. Ban nemi wannan muƙami ba, amma ga shi na zama cikin matattun ƙauyen nan.

Jiki da sauƙi, sai ƙaiƙayi. Ina sosa baya da jikin ƙofa kamar saniya. Gwiwoyi da ƙugu ma suna ciwo in na daɗe a tsaye ina jan waƙa a coci. Likitarmu, wata yarinya mai gilashi da ba ta dariya, ta ce ƙasusuwana suna rasa kalsiyam. Ta yi dogon bayani a kan wasu abubuwa da ke wuyana, ban riƙe ba, hankalina yana kan motar komawa gida. Ta ƙara mini ƙwayoyi manya kamar maɓallin kwat, ɗanɗanonsu na alli.

Ki riƙa cin abinci, ranar jana'iza na ga kin rame.

Kawunki,
Zamfir

*

Padova, Disamba

Kawu,

Barka da shirin Kirsimeti. Ina lafiya, tsohuwata ma ta dawo da cin abinci da zagi. Da na karanta cewa ka yi mako kana ci wa Mama sadakarta sai na shiga banɗaki na yi kuka, don nan ne kawai ba a kirana. Allah ya saka maka.

Ƙaiƙayin nan ina jin sabulun wanki ne ko rigar ulu, na sa maka man shafawa. Maganar ƙashi kuwa, ka zo gidan sani. Tsohuwar nan ƙasusuwanta kamar biskit suke, likitanta ya ce a riƙa ba ta busasshen cukun nan na ƙasar nan kullum, ba abin da ya kai shi kalsiyam. Na sayo maka babban yanki, Kostel sai da ya yi mita a kan nauyinsa. Na san halinka, za ka raba wa mutane, don haka na ba ka shi sadakar wata uku da sunan Mama. Yanzu ba ka da hanyar ƙi. Ka riƙa gogawa a kan komai, ka kuma sha madara.

Su likitocin gida sun iya tsorata mutum. Kada ka sa maganarta a ranka.

'Yarka,
Aglaya

*

Arinoasa, Fabrairu

Aglaya,

Ina gaishe ki. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya sau biyu, amma motar asibiti ta samu ta shigo. Man shafawar yana da ƙamshi, ƙaiƙayin bai san da zuwansa ba.

Wannan karon na saurari likita da kyau, don ta rufe ƙofa ta zaunar da ni. Ga yadda abin yake. A wuyan mutum akwai 'yan kaluluwa huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, aikinsu kula da kalsiyam a jini. Akwai kuma wani gishiri a abinci mai suna fosforas, wanda ƙoda take fitarwa. Tawa ba ta fitarwa, injin kuma ba ya kwashe shi duka. In ya taru sai kaluluwan su haukace, su yi ta zuba sinadarinsu a jini, shi kuma ya yi ta yasar kalsiyam daga ƙashi. Ƙaiƙayin da ciwon duk daga nan ne. Awon sinadarin nawa ya haura dubu, ita tana so ya sauko ƙasa da rabin haka.

Ta ce, "Baba Zamfir, me kake ci?"

Na ce, "Abin da kika ce. Dankalin da aka zubar da ruwansa, farin burodi, da kazar da ba ta yi wa kowa laifi ba."

Ta ce, "To ko kai kake mini ƙarya ko jininka, kuma ban taɓa kama jini da ƙarya ba."

Na ce, "Wannan na gida ne na faɗa miki."

"Na waje fa?"

Sai na lissafa mata: koliva, wake, cukun tumaki da ake rabawa a bakin kabari, da naki na Italiya. Ta cire gilashi ta dafe goshi. Ashe alkamar da ba a cashe ba, da gyaɗar bishiya, da wake, da busasshen cuku, su ne gidan fosforas. Da wani zai zauna ya tsara abincin da zai gama da ni, abin sadaka zai tsara.

Ta ce, "Ƙwayoyin da na ce ka tauna tare da abinci don su kama gishirin tun a ciki, kana taunawa?"

Na ce, "A gida, e. Amma a gaban sadaka? Tinka ta jiƙa alkama tun jiya, sai in zaro magani in tauna kamar ta ba ni guba? In na kai saura gida ma ba na haɗawa, abincin mamaci ne."

Ta ce, "Matattun nan naku, su ne za su kwanta a teburin tiyata ko kai?"

Ta ba ni zuwa bazara. Ta ƙara wata ƙwaya mai kwantar da kaluluwan, tana sa ni tashin zuciya amma ina sha. In awon bai sauko ba za a yanka wuyan a cire su. Jijiyar murya tana kwance dab da su. Ta ce yawanci ba a taɓa ta, amma ta ƙi yi mini alƙawari. Kin san ba ni da mata yanzu, ba ni da ɗa, ba ni da gona. Muryar nan ce kawai take sa a tambaya ina nake ranar Lahadi, kuma ina jin tsoro.

Cukunki na riga na cinye, tun da da sunan Profira ya zo. Kada ki sake aikowa. A sadakar wata shida zan taɓa cokali kawai in yi addu'a, ki yafe mini. Na gaya wa Tinka, ta ce, "Alkama ce za ta kashe ka? Yaran asibiti sun mai da kai wawa." Ke kin yi makaranta, za ki fi ta ganewa.

Kostel ya ce zai sayar da motarsa, amma surukinsa zai ci gaba da kai kaya. Shi zan ba wannan.

Kawunki,
Zamfir

*

Padova, Afrilu

Kawu Zamfir,

Barka da Ista. Ina fata kana lafiya, don tun Nuwamba ban ga rubutunka ba, ko na cewa cuku ya iso.

Ranar Lahadi na haɗu da 'yar Gwaggo Tinka a cocinmu na nan. A gaban mata ta ce mini, "Ashe kawunki ya ƙi sadakar mahaifiyarki?" Wai ka lashi bakin cokali ka ajiye, ka ce abincin yana cutar da kai, sauran kuma alade aka zuba wa. Alade, Kawu. Na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Ka ci na mutanen Sifen, ka ci na kowa, sai na Mama ne mai cutarwa? Me ta yi maka? Lokacin da matarka take kwance, wa yake kawo muku miya kullum? Ni ina nan ina wanke uwar wasu, tawa kuma ba a iya ci mata faranti ɗaya ba. In wani abu na yi maka, ka gaya mini ni, kada ka huce a kan wadda ba ta iya magana.

Asabar ɗin matattu, ranar da kowa yake yi wa mamatansa sadaka, tana zuwa a watan Yuni. Na ce wa Tinka ta dafa. Abin da ka ga dama ka yi.

Aglaya

*

Arinoasa, Yuni

Aglaya,

Ina gaishe ki. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu ko zan ga wani abu dabam a karo na biyu.

Na rubuta miki duk abin da likita ta ce tun Fabrairu, ban rage komai ba. Tun da kin sani kuma kika ce in ci, to uwarki ce, ke ke da iko da sadakarta. Gaskiya ne Profira ta ciyar da mu lokacin jinyar matata, ban manta ba.

Ranar Asabar ɗin matattu na fara da nata. Sauran suka ga na dawo bakin aiki, kowa ya miƙo nasa, kuma ba a karɓar na wani a ƙi na wani. Na yi mako biyu ina kai. Alade bai samu komai ba, kina iya gaya wa 'yar Tinka.

Awon ya sauko kaɗan a watan Afrilu, yanzu ya koma ya wuce inda yake. Likita ba ta yi faɗa ba wannan karon, ta dai rubuta mini ranar ganin mai tiyata.

Zamfir

*

Padova, Yuli

Kawu,

Ban san da wane baki zan gaishe ka ba. Wallahi ban ga takardar Fabrairu ba sai jiya.

Da na karanta ta Yuni na rasa gane wace magana kake yi. Ranar hutuna na tafi tashar da motocin gida suke tsayawa, na nemo surukin Kostel. Ya ce bai san zancen ba. Na ce ba zan sauka daga motarsa ba sai ya zazzage ta. Muka sami takardar a aljihun ƙofa, cikin takardun hanya, ta sha maiƙo. Ya ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ni kaya aka ce in kai." Nan take na buɗe ta na karanta.

Na nuna wa nas ɗin da ke zuwa duba tsohuwata sunan cukun, na ce mata mai wankin ƙoda na aika wa. Ta ce mai wankin ƙoda ba ya cin wannan. Ni na ga kalsiyam a takardarka sai na ɗauka duk ciwon ƙashi iri ɗaya ne, har da ɗaure ka da sunan Mama don kada ka ƙi. Sannan na zo na yi maka tatas a kan alade. Kunya da baƙin ciki sun hana ni sukuni.

Ka daina ci, Kawu, na roƙe ka. Nata da na kowa. In ya zama dole ka taɓa, ka tauna ƙwayarka a gaban Tinka, in ta yi magana ka ce ni na sa ka. Da Mama tana raye, da kanta za ta fisge farantin daga hannunka. Na buga wayar kantin ƙauye sau biyu, suka ce kana asibiti. Ka roƙi likita ta ƙara maka lokaci, ka ce mata laifin wata sakarya ce a Italiya.

Zan yi iya ƙoƙarina in zo sadakar shekara a watan Satumba.

'Yarka, in har ka yarda,
Aglaya

*

Arinoasa, Oktoba

'Yata Aglaya,

Na amsa gaisuwarki, duk da kin ce ba ki da bakin yinta. Na ji tsohuwarki ta faɗi ta karya ƙugu shi ya sa ba ki zo ba. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki haƙuri da ita.

Takardarki ta same ni ina haɗa jakar asibiti. Na kai wa likita saƙonki, har da sakarya. Ta ce lokaci ya wuce, kaluluwan sun kumbura sun daina jin magani. Ta kuma ce in gaya miki, wanda ya yi shekara bakwai a kan inji, da cuku da ba cuku yana iya zuwa nan, ku dai kun gajarta masa hanya. Ita ba ta iya lallashi ba, don haka ki ɗauki maganar yadda take.

An yi aikin a watan Agusta. Sun cire kaluluwa uku da rabi, suka bar rabi don kada gidan ya zama kango. Ƙaiƙayin ya tafi cikin kwana biyu, na yi barcin da na manta akwai irinsa. Ƙasusuwan kuwa suka tashi da yunwa suna zuƙe kalsiyam daga jini, leɓɓana suka yi ta zugi, sai da aka riƙe ni ana ƙara mini ta jijiya. Yanzu ina hawa matakalar coci ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

Muryar ba ta dawo ba. Gefe ɗaya na maƙogwaron ba ya motsi. Ina magana ana ji in an matso kusa, amma waƙa babu. Sun ce a jira, wani lokaci takan farfaɗo.

Na yi fushi da ke daga Afrilu har Yuli, na tanadi maganganun da zan faɗa miki in kin zo. Da na ga takardarki sai fushin ya rasa wurin zama. Ni ma da na tauna ƙwayar nan tun farko ban ji kunyar Tinka ba, da ba mu zo nan da wuri ba. Na yafe miki, ki daina kuka a banɗakin mutane.

An yi wa Profira sadakar shekara. Tinka ta dafa ɗan faranti, ba wanda ya ce mata ta rage. Da ta zo kaina ta ɗebo rabin cokali, ta ce, "Ina allin naka? Tauna mu gani, ba mu da lokaci." Na tauna a gaban kowa, ba wanda ya faɗi ya mutu.

Wurin waƙar ne abin ya yi wuya. Fada ya rera nasa layin ya yi shiru yana jiran amsa, kamar yadda ya saba. Tsofaffin ma suka juyo suna dubana, sun manta. Ni ma na manta, na buɗe baki, abin da ya fito kamar ana jan kujera a kan siminti. Can Tinka ta ɗauka da muryar nan tata ta kiran awaki, sauran suka bi ta. Mahaifiyarki ta samu waƙarta, ba mai daɗi ba, amma an kai ƙarshe. Abin ya yi mini ciwo, Aglaya, fiye da wuƙar.

Fada ya samo wani malamin makaranta mai ritaya daga ƙauyen gaba, zai riƙa zuwa a keke yana jan waƙa. Fada ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya tambayata makullin akwatin littattafan waƙa, wai aro ne kafin in warke. Na ba shi ranar Lahadi. Yanzu a baya nake tsayawa tare da kowa. Daga nan ana jin komai sarai, har da wuraren da malamin yake kuskure.

Kawunki,
Zamfir